Yadda Anjeniyer Ɗanasabe Ya Sauka Daga Kujera

A Arlit, bayan kasuwa, akwai wata fada ta tsofaffin ma'aikatan yuraniyom a ƙarƙashin rumfar kwano. Su goma sha biyu ne. Tun da kamfani ya sallame su, aikinsu ɗaya: su zo da hantsi, su zauna, su sha shayi na fari, da na biyu, da na uku, sannan su wanke finjali su koma na fari.

Kowa tabarma ko benci, ban da shugaban fada. Shi kujera gare shi, kujerar direban wata ƙatuwar motar ɗaukar dutse da aka ciro daga juji, mai laushi, wadda in ka zauna takan yi ajiyar zuciya. Shekara huɗu Ɗanasabe, mutumin Maraɗi, yana kanta. Ya same ta ne don ya ce shi anjeniyer ne. Ba wanda ya tuna ya taɓa ganinsa a ramin haƙa, amma kuma ba mai iya rantsewa bai gan shi ba, tunda a rami kowa hular ƙarfe ce da tabarau. Matarsa 'Yargata kaɗai ta san cewa shekara ashirin da biyu ya yi a ɗakin wankin kamfani, can cikin gari, yana cuɗa kayan aikin mutane.

Wata Asabar sai ga Majo Liya, shugabar ɗakin shan magani na unguwa, da abin awon jininta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaure musu damtse, tana faɗin hawan jinin kowa.

"Sha bakwai. Sha takwas. Kai kuma sha tara! Baba Akoli, yaushe rabonka da tafiyar da ta wuce daga nan zuwa bakin titi?"

Akoli, tsohon Buzu ne da ba a ganin komai nasa sai idanu, ya gyara amawali. "Madam, ni na gama tafiya nawa tun ina yaro. Bilma sau tara, bayan raƙumi. Ƙafa ya ce ya ƙoshi."

"To zaman nan ne zai kashe ku, ba tsufa ba."

"Madam, ki hwara da shugaba," in ji Kalilu, wani siririn mutumin Tawa da ya daɗe yana hararar kujerar. "Wagga kujera ta san shi hiye da matatai."

Fada ta fashe da dariya. Ɗanasabe ya jira ta lafa, ya harɗe ƙafa.

"Abin da ke damun ƙasar nan ke nan, an mai da masu ilimi 'yan kallo. Madam, kin san wasan bidiyo? Ba na danna maɓalli ba. Wanda mutum zai yi tsalle, abin da ke cikin tele ya yi tsalle. Turawa sun yi shekara goma suna fama da shi. Ni ku ba ni mako uku. Zan ƙera wanda zai sa tsofaffin nan zufa har sai an matse rawunansu."

"In ba ka yi ba hwa?" in ji Kalilu.

"In Madam ba ta ga zufa a goshin mutum goma ba, ka hau kujera, ni in koma fifita gawayi. In ta gani, kujera tawa ce har a kai ni makabarta."

"Na shaida," in ji Akoli.

"Ni ma na shaida," in ji Majo, tana naɗe kayanta. "Da yatsana zan taɓa."

Washegari Ɗanasabe ya sayi wani tsohon ordinater, wato kwamfuta, a hannun wani direba da ya sauko daga Assamaka, can bakin iyaka, ya rungume shi sai rumfar Veronika, mai gyaran salula a kasuwa. Uwar 'ya'ya uku ce, kuma duk Arlit ba a taɓa kai mata na'urar da ta gagare ta ba. Ya shimfiɗa mata takardar buhun siminti da ya yi zane a kai.

Ta duba, ta juya takardar, ta sake dubawa. "Baba, wannan tebur ne?"

"Raƙumi ne."

"Ƙafa biyar?"

"Ta biyar ɗin sakur ce, kamar tayar da ake ratayawa bayan mota. Ke ba ki san aikin anjeniyer ba. Sunan wasan Tseren Abzin. Mutum ya yi gudu a inda yake, raƙumi ya yi gudu. Ya yi tsalle, raƙumi ya tsallake rijiya. Ni na gama aikin ƙwaƙwalwa. Saura ɗan abin nan na dannawa."

"Wato duka."

"Ƙananan abubuwa."

Kwana biyar ta yi a kan ƙananan abubuwan. Ta saka wa ordinater kamara, ta rage wa raƙumi ƙafa ɗaya. Ɗanasabe ya kai gida, ya tuɓe daga shi sai singileti da gajeren wando, ya tsaya tsakar gida. Ya ɗaga ƙafa, raƙumi ya taka. Ya ɗaga ɗayar, raƙumi ya sake takawa. Ya yi tsalle ɗaya, tumbinsa ya yi uku.

"'Yargata! Zo ki ga abin da mijinki ya ƙera!"

Ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. "Wannan raƙumin ciwon baya gare shi ko?"

"Gwaji ne. Anjeniyer ba ya gajiyar da kansa a gwaji."

"Haka ne. Da can ma sai ka jiƙa kaya tukuna."

"Rufe mini baki, maƙwabta na ji!"

Da aka kai fada, aka jawo waya daga shagon tela, aka ɗora ordinater a kan durom. Akoli aka fara turawa. Ya tsaya gaban kamara da babbar riga har ƙasa, da rawani, da amawali. Raƙumi bai motsa ba. A ƙasan gilashin aka rubuta: babu kowa.

"Motsa mana, Baba Akoli!" in ji Ɗanasabe.

Akoli ya motsa a can cikin rigar, inda Allah kaɗai ke gani. Raƙumi yana tsaye yana tuƙa.

"Ba ya ganin fuskarka ne. Sauke amawalin."

Idanun Akoli suka ƙanƙance. "Ni in buɗe baki nawa gaban mutane saboda akwati? Shekara arba'in surukina bai ga haɓa nawa ba. Akwati naka shi ne wa?"

"To ɗage rigar ya ga ƙafafu."

"Wannan yaro yana so a yi jana'iza yau."

Ana cikin haka wata akuya ta ratsa tsakanin Akoli da durom tana bin ɓawon kankana. Nan take raƙumi ya zabura, ya tsallake rijiya biyu, kiɗan nasara ya tashi.

"Allahu akbar!" in ji Kalilu. "Wanga wasa ya samu mai shi. A ba ta kujera!"

Ɗanasabe ya ce dama gwajin kamara yake yi, kuma kamara ta ci jarrabawa, tunda ta gane akuya. Ya kwashi kaya ya koma wurin Veronika.

"Ai na tambaye ka irin tufafin da suke sawa," ta ce.

"Ba ki tambaya da ƙarfi ba."

Ta cire kamara, ta mai da wasan ya riƙa jin motsin salula. Kowa ya ɗaura wayarsa a tsintsiyar hannu, in ya yi motsi raƙumi ya ji. Ɗanasabe ya koma fada ya sanar cewa dabarar ta zo masa ne a mafarki.

Ranar kuwa Kalilu ne da dafa shayi. An ɗaure masa waya, ya ce a bari ya gama na biyu tukuna. Ya ɗaga butar shayi sama, sama, har ta wuce kansa, ya tsiyayo siririn ruwa cikin finjali, ya sauke, ya juye, ya sake ɗagawa, yadda ake yi don kumfa ta tashi. A gilashin ordinater raƙumi ya yi wani irin tsalle ya haye rijiya, ya haye tudun rairayi, ya haye wani raƙumin.

"Kai! Sake!"

Kalilu ya sake. Raƙumi ya kusa barin gilashi.

Kafin azahar an kawo butoci huɗu. Tsofaffi goma sha ɗaya suna zaune daram, ba wanda ya ko gyara zama, hannu ɗaya na sama da ƙasa, ana ihu ana zagin raƙuman juna. Ranar an sha shayi zagaye goma sha huɗu. Sukari ya ƙare a shagon kusa.

"Ba haka ake yi ba!" Ɗanasabe yana ta faɗa daga kan kujera. "Tashi ake yi!"

"Mi za mu tashi mu yi?" in ji Kalilu. "Ga shi muna cin nasara. Anjeniyer, Allah shi yi maka albarka, ka ƙara wa zama daɗi."

Sai Ɗanasabe ya kafa doka: waya a idon sawu za a ɗaura, kuma kowa ya je gida ya yi atisaye, a kawo masa maki da safe. Da safe Kalilu ya kawo taku dubu arba'in da ɗaya. Ɗanasabe ya dubi wayar, ya dubi ƙafafun Kalilu masu kama da sillen kara.

"Agadas ka je ka dawo?"

"Ƙwazo dai."

Ɗanasabe bai gano ba sai da yamma, da ya shiga gida ya tarar da 'Yargata tana daka gero, wayoyi shida ɗaure a jikin taɓaryarta da tsumma.

"'Yargata! Da ke za a haɗa baki a ci amanata?"

"Wace amana? Shekara talatin ina wannan wasan, ba wanda ya taɓa ba ni maki." Ta sake luguden. "Matsa, kana tsaye kan hanyar raƙumina."

Saura kwana uku. Ɗanasabe ya zauna kan bencin Veronika ya yi tagumi, sannan ya buga cinya.

"Na gano! Wasan ba shi da aibu. Abin da ya rasa shi ne umarni. Mutanen nan ma'aikata ne, ba sa motsi sai sun ji sautin aiki. Ki sa mini jiniyar rami a farkon wasa."

Daga ɗakin wanki yakan ji ta can nesa, gajeru uku. Bayanta kaɗan sai ƙasa ta girgiza, sai motoci su kama kai da kawowa. Shi a lissafinsa, da jiniyar ta kaɗa aiki ke kankama.

"Baba, me zai hana a sa kiɗan tende na Buzaye?" in ji Veronika, wadda ba ta fi shekara biyar a garin ba. "Tsofaffi na jin tende kafaɗa ke motsi da kanta."

"Biki na ce miki zan yi? Ilimi ne wannan."

"Ka dai tambayi wani abin da jiniyar ke nufi."

"Ni zan tambaya? Ni da jiniyar nan muka tsufa tare!"

Ya samo sautin a wayar wani, ta saka masa.

Ranar Asabar bayan la'asar unguwa ta cika gaban fada. An aro ƙatuwar tele, an aro lasifikokin biki guda biyu masu tsayin mutum. Mata sun zo da kujerun tsugunne, mai tsire ya matso da tukubarsa. Majo Liya ta zauna gaba. Kujerar shugaba tana tsakiyar fili, an share ta, kowa na kallonta.

Abin mamaki, tsofaffin sun zo da niyya. Ganin jama'a ya taɓa su, ba mai son a ce raƙuminsa ne na baya a gaban matarsa. Sun jeru su goma sha ɗaya, waya a idon sawu, an tattare riguna an soke a ɗamara. Akoli da kansa ya fito da ƙwaurinsa, wanda rana ba ta gani ba tun zamanin ayari. Wani har yana ɗan gwada sassarfa. Kalilu ya dubi rana, ya dubi kujera, fuskarsa ta ɓaci, don ya ga zufa na nan tafe.

Ɗanasabe ya karɓi makirufo. "Jama'ar Arlit! Yau za ku ga abin da Faransa ta kasa, China ta kasa. Da kun ji sauti, ku dubi tsofaffin nan da kyau, don ƙura za ta rufe su. Veronika, danna!"

Jiniya ta tsaga unguwa. Gajeru uku.

Fuskokin tsofaffin suka canza lokaci guda. Ba wanda ya dubi wani. Suka juya wa tele baya, suka jeru ɗaya bayan ɗaya, suka taka a natse, ba gudu, zuwa bayan katangar siminti ta gidan tela. Suka tsuguna, suka toshe kunnuwa da yatsu, suka buɗe baki. Daga cikin 'yan kallo ma wasu dattawa takwas suka miƙe suka bi sahu. Mai tsire ya bar nama a wuta ya je ya tsuguna. Duk wanda ya taɓa aiki a rami ya san gajeru uku: za a fasa dutse da nakiya, ka nemi mafaka, ka duƙa, kada ka motsa ko da kunama ce a wandonka.

A tele raƙuma goma sha ɗaya suka tsaya cik a bakin layi. Ɗaya ya kwanta.

"Ku tashi!" Ɗanasabe ya ruga bayan katanga. "An fara! Gudu za ku yi!"

"Anjeniyer, duƙa!" Kalilu ya daka masa tsawa, yatsu a kunne. "Ka haukace? Duƙa!"

"Wasa ne! Ku duba, haka ake yi!" Ya yi gudu a tsaye. Ya yi tsalle. Ya ruga wurin tele ya nuna musu raƙuma, ya rugo ya ja hannun wannan, ya ja rigar wancan. Kamar yana jan turaku. Ya koma wurin Majo ya ce ta ƙara minti biyar, ya sake rugowa, hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya tsinke.

Akoli ya zare yatsa ɗaya daga kunne. "Yaro, mun gane babu nakiya. Amma jiki bai gane ba. Dutse ba ya tambaya suna naka. Ka busa na biyu mu tashi."

Ɗanasabe ya tsaya yana haki, makirufo a bakinsa. "Wace ta biyu?"

Lasifikoki biyu suka kai tambayar har bakin kasuwa.

Kalilu ya sauke hannuwansa a hankali. "Mi ka ce?"

"Na ce... wace daga cikin na biyun. Ai suna da yawa."

"Guda ɗai ta. Doguwa. Wadda ka cewa an ƙare, kowa shi hito. Jaririn da aka haihwa bakin rami ya san ta." Ya karkata kai. "Anjeniyer, wai wane rami ka yi aiki?"

"Na... ɓangaren sirri ne."

"Wa as shef ɗinka?"

"Ya rasu."

"Wace mota ka kai ku?"

"Ita ma ta rasu."

Dariya ta fara tashi daga wajen mata. Nan 'Yargata ta miƙe, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ratso fili.

"Kai Kalilu, ka bar mini miji haka nan! Ku duka ba ku da kunya? Shekara ashirin da biyu wa ke fid da baƙin mai daga wandunanku? Wa ke goge muku kwala? Kai naka wandon ma sai ya jiƙa shi kwana biyu kafin ya taɓu! Yau don ba ya gane kukan wata jiniya za ku tsare shi da tambaya?"

"'Yargata," in ji Ɗanasabe da ƙaramar murya, "ya isa taimakon."

"Bai isa ba! Duk kamfanin nan ba a yi mai wanki kamarka ba!"

Mai tsire ya faɗi gefe yana riƙe da ciki. Wani dattijo ya ce wallahi yanzu ya tuna fuskar, ta taga yake miƙo kaya. Amma ba wanda ya tashi daga tsugunne.

"Doka doka ne," in ji Akoli. "Sai an busa."

Ɗanasabe ya dubi Veronika. Ta buɗe hannuwa. "Guda ɗaya ka kawo mini, Baba."

Ba yadda zai yi. Ya gyara tsayuwa a tsakiyar fili, takalmi ɗaya a ƙafa, ya kai makirufo baki, ya rufe ido.

"Wuuuuu..."

"Gajere ne," in ji Akoli. "Wannan ko kaza ba ya fitowa."

"Wuuuuuuuuuu..."

"Ƙara. Ya hau sama, ya daɗe, sannan ya sauko."

Ya ja numfashi har tumbinsa ya ɗaga riga, ya saki wata ƙara da ta sa jariri kuka. Jakunan masu ruwa da ke ɗaure bayan kasuwa suka amsa masa gaba ɗaya. Sannan tsofaffi suka miƙe, suna kaɗe riguna, suna yi wa juna barka da arziki.

Majo Liya ta bi su da yatsa, goshi bayan goshi. Inuwar katanga ta yi musu daɗi, kowanne a bushe kamar tulun da aka manta. Ta zo kan Ɗanasabe, ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ba ta ma taɓa ba. Rigar ta manne masa, ruwa na ɗiga daga haɓa.

"Ɗaya," ta ce. "Amma ɗayan nan ya yi na mutum goma. Sai dai goshi aka ce, ba lita ba."

Akoli ya ɗauko mafici ya miƙa wa Ɗanasabe da hannu biyu, cikin girmamawa. Ɗanasabe ya karɓa, ya tsuguna gaban murhu, yana gunagunin cewa a ƙasashen da suka ci gaba anjeniyer na wanki ma anjeniyer ne.

Kalilu ya taka zuwa kujera kamar ango. Ya juya, ya gyara riga, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya saki jiki. Kujerar ta yi ajiyar zuciya, ta ci gaba da yi. Shekara huɗu na zaman Ɗanasabe sun bar wani kwari a tsakiyarta, kuma siririn mutumin Tawa ya yi ta nitsewa ciki har gwiwoyinsa suka zo daidai kunnuwansa. Ba a ganin komai sai hula da tafin ƙafa biyu.

Daga can ƙasa muryarsa ta fito.

"Jama'a, ku bar cin zalin bawan Allah. Wallahi ya gina rami. Ga ni ciki."